Bazarar Ƙyanda a Tawa

A Birnin Ƙonni na fara sanin na bar ƙasarmu. Hausa ake yi, amma ba irin tamu ta Malumfashi ba. Jandarman da ke bakin shinge ya karɓi takarduna, ya juya su sama ya juya su ƙasa, ya ce wa na kusa da shi, "Wanga ɗan Ingilishi ne." Haka suke kiran duk wanda ya fito daga Nijeriya a lokacin, mu kuma mu ce musu mutanen Faransi, ko da yake ƙasashen biyu sun yi shekara biyu ko uku da samun mulkin kai.

Sunana Sa'idu. Na yi shekaru ina wanke ciwo da yin allura a ɗakin shan magani na En'e, wato hukumar gargajiya, har aka zo rage ma'aikata aka haɗa da ni. Sai na ji fatake suna cewa a Nijar likitocin Turawa sun tafi, ana neman duk wanda ya iya riƙe sirinji. Na baro matata Binta da ɗanmu na fari, mai sunan mahaifina, wanda muke kira Abba. Bai daɗe da barin nono ba.

A tashar Ƙonni wani dogon mutum mai farar riga da baƙin tabarau ya zauna kusa da ni, ya ɓare goro ya ba ni rabi. Ya ce sunansa Mamman. Da ya ji abin da ya kawo ni sai ya tafa hannu.

"Kai, Allah ya haɗa ka da ni. Lokotoron Tawa abokina ne, tare muke shan shayi. Gobe war haka kana cikin farar riga."

Lokotoro shi ne likita a bakinsu. Na ji daɗi har cikin raina. Muka hau bayan wata babbar mota mai ɗauke da buhunan albasa, muka nufi arewa. Itatuwa suka yi ta raguwa, jan dutse ya yi ta ƙaruwa, Mamman yana ta nuna mini garuruwa yana faɗin sunayensu kamar shi ya kafa su. Mun sauka Tawa ana kiran azahar. Mamman ya ce, "Tahi ka yi salla, ni ina tsaron akwatin, in ka taho ni ma in tahi." Na tafi. Da na dawo babu Mamman, babu akwati. A ciki akwai tufafina, da almakashi da hantsaki da sirinjin gilashi da na tara tun ina aiki, da wani zanen da Binta ta ba ni in riƙa rufa. Na zagaya tashar har la'asar ina tambaya. Wani mai sayar da tsire ya dube ni ya ce, "Mai tabarau? Ai ba kai ne na farko ba. Yi haƙuri, baƙo."

Takardar shaidar aikina tana aljihu, ita kaɗai ta tsira. Washegari na kai ta ofishin lafiya na Tawa. Magatakardan ba mugun mutum ba ne. Ya ba ni wurin zama, ya duba takardar, ya ce da Ingilishi aka rubuta ta, su kuma nan da Faransanci ake aiki, sunan magani ma ba zan iya karantawa ba. Ya ce in dawo bayan damina, wataƙila. Daga yadda ya faɗi wataƙilan nan na san babu komai a cikinta.

Na yi kwanaki ina kwana a bakin masallaci. Kuɗin mota na komawa babu, kuma ko da akwai, ban san da wane ido zan kalli mutanen gida ba. A nan wata tsohuwa mai kawo fura ta lura da ni. Inna Tsahara ake ce mata, gajeriya, duk haƙoranta na gaba sun zube. Rannan ta ajiye ƙwarya a gabana ta ce, "Sha, ɗana. Na ga jiya ba ka ci komi ba." Na sha ina jin kunya. Da ta ji labarina sai ta ce, "In dai ka iya allura, taso. Akwai inda ake bukatar hannu, sai dai ba a biya."

Ta kai ni bayan gari, wani gidan jinyar yara. Ɗakuna ne na ƙasa dogaye guda biyu, sai rumfunan zana da aka ƙara saboda ɗakunan sun cika. Tun daga nesa na ji tari. Ba tarin yaro ɗaya ba, tari ne da ba ya yankewa, wannan ya sauke wancan ya ɗauka. Bazara ce, kuma ƙyanda ta shigo ƙasar Adar, wato yankin Tawa.

Mai riƙe da wurin Majo Hamidu ne. Majo shi ne babban ma'aikacin jinya. Tsohon soja ne, ya yi jinyar sojoji a yaƙin Turawa, yana ɗan ɗingishi. Bai dubi takardata ba. Ya miƙo mini sirinji, ya nuna wani yaro da ke kwance a tabarma. Da na gama ya gyaɗa kai.

"Albashi babu," in ji shi. "Ni kaina nawa shina makara. Akwai tuwo, akwai rumfa. In ka yarda, wanke hannunka."

Na wanke hannuna.

Ga yadda yini yake. Bayan sallar asuba ni da Majo mu bi tabarmi ɗaya bayan ɗaya, mu duba waɗanda suka kwana da rai. Waɗanda ba su kwana ba, uwayen sukan riga sun rufe su da gefen zane suna zaune shiru, suna jiran mu zo mu faɗi abin da suka riga suka sani. Daga nan in tafi rijiya. Rijiyoyin ƙasar nan zurfi gare su, sai tafin hannunka ya yi zafi kafin guga ya fito. In hura gawayi, in dafa allurai a tukunya. Alluran sun tsufa, bakinsu ya dakushe, sai mun wasa su a dutse, in ba haka ba fatar yaro ba ta huduwa sai da ƙarfi. Inna Tsahara ta dama kunu a babbar tukunya, mu bi muna ɗura wa waɗanda bakinsu ya kwaile da cokali, kaɗan kaɗan, rabi ya shiga rabi ya dawo. Sai wankin tsummoki, don zawo ya fi kurajen kisa. Da rana ta take, zanan rumfa ba ya tare komai, ƙudaje su rufe idanun yara, uwaye su yi ta fifita har hannu ya gaji.

Magani yana zuwa daga cikin gari, amma bai taɓa isa ba. Kwalaben fenisilin da za a kawo, kafin a kai ƙarshen ɗaki na farko sun ƙare. Majo ne yake zaɓen wanda za a yi wa. Yakan tsaya a kan yaro ya daɗe yana kallon yadda ƙirjinsa ke hawa da sauka, sannan ya ce "wanga", ko kuwa ya wuce bai ce komai ba. Na taɓa ce masa, "Majo, wancan fa?" Ya ce, "Wancan ya yi nisa. In na ba shi, na kashe biyu." Ban sake tambaya ba. Uwayen sun gane ma'anar wucewar nan tasa. Wata Buzuwa da ba ta jin Hausa ta riƙe gefen rigarsa tana nuna ɗanta, tana magana da harshensu. Ya tsaya ya saurare ta har ta gama, ya zare rigarsa a hankali ya wuce. Daga baya na gan shi bayan ɗaki ya dafa bango da hannu biyu.

Da yamma, in aiki ya lafa, nakan zauna bakin rumfa in fuskanci kudu. Nakan tuna ƙofar gidanmu, da bishiyar ɗorawa ta bayan gari, da Abba yana tafiyarsa ta tangaɗi yana kama ƙafar wandona. Kowane yaro mai shekarunsa da aka kawo, sai na ƙi kallon fuskarsa da farko. Inna Tsahara ta gane. Takan kawo mini ƙanzo ta ce, "Ci, ɗan Ingilishi. Tunani ba shi cika ciki."

Ana cikin haka wani manomi ya iso daga Tebaram, can yamma, tafiyar kwanaki. Sunansa Arzika. Ya zo da jaki, ya ɗora 'ya'yansa uku a cikin mangala, maza biyu a gefe guda, mace a ɗaya gefen. Matarsa tana gida da ɗanyen jego. Da muka sauke su, ƙaramin ya riga ya sanƙare, uban bai sani ba. Na biyun ya kwana biyu ya bi shi. Ni da Arzika muka kai su maƙabarta, ni na riƙe masa fartanya. Bai yi kuka ba. Ya ce kawai, "Uwarsu ta ce in maido mata su."

Saura yarinyar, Biba, mai kamar shekara shida. Majo ya tsaya a kanta ya daɗe, sannan ya ce "wagga". Ni na yi mata allurar. Kurajen sun cika jikinta, idanunta sun kumbura sun liƙe da ruwan ciwo. Kullum da safe nakan jiƙa auduga da ruwan ɗumi in goge su har su buɗe, in sa mata man ido. Tana da baki, yarinyar nan. Ko tana cikin zazzaɓi sai ta yi mini dariyar yadda nake magana.

"Baba, mi ya sa wanga mutum yake cewa lafiya? Lahiya ake cewa."

Arzika ya ce, "Yi shiru, Biba. Malam ne."

Na ce, "Ƙyale ta, ta koya mini."

Ta fara shan kunu da kanta. Zazzaɓin ya sauka, kurajen suka bushe suna zuba kamar dusa. A cikin wurin nan da kullum ake fitar da gawa, ita ce abin da nake tashi domin shi. Amma da kumburin idon ya saɓe, na ga wani ɗan fari a kan baƙin idonta na dama, na hagu kuma ya yi hazo. Na kira Majo. Ya ɗaga fatar idon da yatsa, ya duba, ya ce a ci gaba da sa mai. Da muka fita na tambaye shi gaskiya. Ya ce, "Na ga waɗanda sunka warke. Ba su da yawa."

Ranar wata kasuwa Majo ya aike ni cikin gari sayen sabulu. A layin masu goro na ji wata murya irin ta gida. Na juya, sai ga Alhaji Ɗanladi, wani bafatake ɗan unguwarmu. Na yi murna kamar in rungume shi. Shi kuwa da ya gan ni sai ya cire hularsa ya kama hannuna da hannu biyu.

"Sa'idu, ashe kana nan. Ya haƙuri? Allah ya sa mai ceto ne."

Na ce, "Haƙurin me, Alhaji?"

Ya sake hannuna. Ya dubi ƙasa, ya dubi buhunan goro. Ya ce, "Ashe labari bai iso ka ba." Ƙyandar ta shiga Malumfashi ita ma. Abba ya yi mako yana fama, ya rasu tun watan jiya. An nemi inda za a aiko mini, babu wanda ya san inda nake.

Na sayi sabulun. Har yau ina mamakin wannan, amma na saya, na karɓi canji, na koma. Na ba Inna Tsahara, na hura gawayi, na dafa allurai. Ban faɗa wa kowa ba. A wurin da kowace tabarma take da nata mamacin, na ga kamar ba ni da bakin da zan ce ni ma. Alhaji ya ce in bi shi mu koma in ya gama ciniki. Na ce masa akwai wata yarinya da nake jinya, in ta warke zan taho. Ya dube ni kamar bai gane ba.

Ruwan farko ya sauka ba da daɗewa ba. Washegari da sassafe na tarar Arzika yana ɗaura wa jakinsa mangala.

Na ce, "Ina za ka? Idonta bai warke ba."

Ya ce, "Malam, ruwa ya zuba. In ban yi shibka ba yanzu, baɗi mi za mu ci? Akwai uwarta, akwai jariri."

"Ka bar ta nan. Ni zan duba ta."

"Na taho da ukku. In koma hannu wofi?"

Na ɗauke ta da kaina na sa a mangala. Ta ɗaga fuska wajen da take jin muryata ta ce, "Sai wata rana, mai lafiya." Suka tafi.

Rumfunan suka fara raguwa, don duk mai gona ya kwashe nasa, mai rai da mai shirin mutuwa. Ni kuwa na kasa zama. Abinci ya daina shiga. Bayan 'yan makonni Majo ya kira ni ɗakinsa, ya buɗe wani ƙaramin akwatin ƙarfe, ya ciro man ido guda ɗaya da ya rage.

"Na ga hankalinka ba shi nan," in ji shi. "Karɓi. Tahi ka gan ta. Amma in gaya maka, kada ka sa rai."

Inna Tsahara ta ƙulla mini garin fura a tsumma, ta raka ni har bakin hanya. Ta ce, "Allah shi kai ka ga uwarka." Ban sake ganinta ba.

Na bi wasu masu jakai da za su Affala. Ƙasar ta fara kore, gero ya tsiro tsakanin duwatsu, mutane suna ta noma. A Affala na kwana a zauren wani maƙeri, ya ba ni tuwo da miyar kuka, ya ƙi barin in ɗebo ruwa da kaina. Da ya ji ni ma'aikacin jinya ne sai ya ce da ma na zo wata biyu da suka wuce. Ya nuna mini wani fili a gabas da gari. Ƙananan tudun ƙasa ne jere, ruwan sama ya fara baje su.

Daga Affala zuwa Tebaram ni kaɗai na yi yawancin tafiyar. Takalmina ya tsinke, na ɗaure shi da kaba. Na ɓata hanya yini guda, sai wani makiyayi Buzu a kan raƙumi ya tsince ni. Ba ma jin harshen juna. Ya tatso mini nonon raƙuma a akushi, ya ɗora ni a bayansa har muka hango rumbunan garin, ya sauke ni ya juya, ko godiyata bai tsaya ji ba.

Na tambayi gidan Arzika aka nuna mini. Yana gona, aka aika kiransa. Biba tana zaune a gindin rumbu, an ɗaura mata igiya a ƙugu an haɗa da turke. Uwarta ta ce saboda rijiya ne, sau biyu ana janyo ta daga bakin rijiyar. Na tsuguna na yi mata sallama. Ta yi tsam, sannan ta washe baki.

"Mai lafiya ne!"

Na ɗaga fuskarta wajen haske. Idanun biyu sun yi fari fat, kamar an ɗiga nono a ciki. Na kaɗa hannu a gabanta, ba ta ƙifta ba.

Arzika ya iso da fartanya a kafaɗa, ya rasa inda zai sa ni don murna. Ya ce, "Ka taho da maganin?" Na ciro shi daga aljihu. Na ce, "Arzika, wannan ba zai buɗe idon ba. Ya riga ya rufe." Ya ce, "Sa mata dai, malam. Ka yi tahiya mai nisa." Na sa mata.

Kafin la'asar labari ya zaga gari cewa lokotoro ya zo. Mata suka cika ƙofar gidan, kowace da yaro a hannu ko a baya. Wani ido ɗaya, wani duka biyu, wani idon ma ya fashe ya shanye. Na miƙe na faɗa musu da ƙarfi cewa ni ba likita ba ne, kuma man nan ba ya maganin abin da ya riga ya faru. Babu wadda ta motsa. Wata ta turo ɗanta gabana ta ce, "Ko kaɗan ne." Na zauna a turmi, na riƙa ɗiga musu ɗaya bayan ɗaya, ina matsa bututun har ya lanƙwashe, na yanka gindinsa da wuƙa na kwashe sauran da tsinke. Da ya ƙare akwai sauran mata a tsaye. Suka ɗan jira, sannan suka yi mini godiya suka watse.

Bayan magariba muna zaune a tabarma, Arzika ya ce, "Malam, ban taɓa tambayarka ba. Kai ɗiyanka nawa?"

Na buɗe baki in ce ɗaya. Sai abin da na riƙe tun ranar kasuwa ya kwance. Na faɗa masa duka, ina kuka kamar ba namiji ba. Bai ce in yi shiru ba. Da na gama ya tashi ya fita.

Da safe na ga an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Liman ya zo, dattawa suka zo, mutanen da ya kamata a ce suna gona. Arzika ya zaunar da ni a tsakiya. Liman ya tambayi sunan yaron, na faɗa, sunan mahaifina, karo na farko da na kira shi da bakina. Aka yi addu'a aka shafa. Suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna ba ni hannu. "Ya haƙuri, baƙo? Allah shi jiƙan shi." Kusan kowane ɗayansu ya binne nasa a bazarar nan. Matar Arzika ta yi gumba aka raba wa yara sadaka, Biba tana cin tata a gindin rumbu.

Ban koma ta Tawa ba. Na bi ayarin masu shanu da za su kudu, na tsallaka iyaka da ƙafa, na yi ta neman alfarmar motoci har Malumfashi. Na isa ana yankan gero. Mahaifiyata ta gan ni ta kasa gane ni sai da na yi magana.

Binta tana ɗaki. Ta rame ƙwarai. Ta gaishe ni kamar yadda ake gaida baƙo, ta kawo ruwa, ta kawo tuwo, ta zauna can bakin ƙofa. Alhaji Ɗanladi ya riga ya faɗa musu inda ya gan ni da abin da na ce masa. Na kasa cin tuwon. Sai ta yi magana ba tare da ta dube ni ba.

"Yaran da ka tsaya dominsu, sun rayu?"

Na ce, "Guda ɗaya na tabbatar. Ita ma ba ta gani."

Ta miƙo hannu ta jawo faifai ta rufe tuwon, don ƙudaje sun fara sauka a kai.